Yaro da Kakin Soja: Wa Ke da Ikon Cewa "Na Yarda"?

Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Malamaina masu girma, da 'yan'uwana ɗalibai, abin da ya ja hankalina ga wannan batu wata muhawara ce da ta kaure tsakaninmu a ɗakin kwana wani dare bayan sallar lisha. Ɗaya daga cikinmu ya kawo labarin wani yaro a unguwarsu, ɗan shekara goma sha shida, wanda baffansa ya kai shi aka yi masa takardar rantsuwa aka ƙara masa shekara biyu, domin ya sami shiga soja. Wasu suka ce ai baffan ya kyauta, ya raba yaron da zaman kashe wando. Wasu suka ce tun da waliyyi ya yarda, magana ta ƙare. Ni kuwa na kwana ina juya abin a raina, har na ga ya kamata in fito da ra'ayina fili, ko Allah Ya sa masu ilmi su gyara mini inda na kauce.

Tambayar ita ce: idan yaron da bai cika shekara 18 ba ya nemi shiga soja, wane ne ya cancanci ya ba da izini? Ubansa ne, ko uwarsa, ko waliyyinsa, ko hukuma, ko kuwa shi kansa? Amsata a taƙaice ita ce, babu ko ɗaya daga cikinsu da ke da wannan iko kafin yaron ya kai munzali. Iyaye suna da ikon hanawa, amma ba su da ikon miƙawa. Ga dalilaina.

Mene ne ake yarda da shi?

Kafin mu yi gardama a kan mai ba da izini, ya kamata mu san abin da ake neman izini a kansa. Aikin soja ya sha bamban da koyon tela ko kafinta ko tuƙin mota. Yaron da aka kai wurin tela, in ya ga abin bai karɓe shi ba, sai ya naɗe tabarmarsa ya koma gida, iyakarta a yi masa faɗa. Wanda ya sa hannu a takardar soja kuwa ya shiga ƙarƙashin wata doka ta daban. Idan ya ƙi bin umurni, laifi ne. Idan ya bar bakin aiki ba da izini ba, laifi ne babba, kuma kotun soja ce za ta yi masa shari'a. Ya ɗauki alkawarin zuwa duk inda aka tura shi, ya harbi wanda aka ce ya harba, ya kuma tsaya inda ake harbinsa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. To, wannan ladan, da rai ake biyansa.

Saboda haka, duk mai cewa "na yarda" a madadin yaro, abubuwa uku ya miƙa: 'yancin yaron na fasawa, da lafiyar jikinsa, da kuma yiwuwar ya ɗauki ran wani. Mu riƙe waɗannan uku a zuciya, domin a kansu sauran maganar za ta ginu.

Abin da dokoki suka tanada

Dokokin duniya ba su kai ga shekara 18 a dare ɗaya ba. Ƙarin da aka yi wa Yarjejeniyoyin Janiba a shekarar 1977 ya tsayar da iyaka a kan shekara 15, haka kuma Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ta bi wannan sahu a sashenta na 38. Dokar Rum ta 1998, wadda ta kafa Kotun Duniya mai hukunta manyan laifuffuka, ta mai da ɗaukar yaron da bai kai 15 ba laifin yaƙi. A kan wannan laifi ne kotun ta yanke hukuncinta na farko a shekarar 2012, inda ta sami Thomas Lubanga, madugun 'yan tawaye a Kwango, da laifi, ta ɗaure shi shekara 14.

A shekarar 2000 aka yi wa yarjejeniyar 1989 wani ƙari na musamman a kan yara da yaƙi, ya fara aiki a ran 12 ga Fabrairu, 2002. Wannan ƙari ya hana tilasta wa wanda bai kai 18 ba shiga soja, ya kuma wajabta wa ƙasashe su yi iyakar ƙoƙarinsu kada irin wannan yaro ya shiga fagen fama. Ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai waɗanda ba na hukuma ba kuwa an hana su ɗaukar duk wanda bai kai 18 ba ko ta wane hali. Amma sai aka bar wa gwamnatoci ƙofa: suna iya karɓar ɗan shekara 16 ko 17 in ya zo da kansa, bisa sharuɗɗa huɗu, wato a tabbatar ba a matsa masa ba, iyayensa ko waliyyinsa su yarda bayan an fahimtar da su, a bayyana masa nauyin aikin, kuma ya kawo sahihiyar shaidar shekarunsa. Nijeriya ta amince da wannan ƙari a shekarar 2012.

Abin alfahari ne cewa Afirka ta riga duniya a nan. Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙi da Walwalar Yaro, wadda aka zartar a 1990 ta fara aiki a 1999, ta ce yaro shi ne duk wanda bai kai 18 ba, kuma sashenta na 22 ya hana ɗaukarsa soja ba tare da wata togaciya ba. Dokar Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003 ta maimaita wannan hani a sashe na 34, kuma sanarwar ɗaukar kurata ta sojan ƙasa tana sanya 18 a matsayin mafi ƙarancin shekaru. Sai dai Dokar Sojoji da muka gada daga zamanin mulkin soja, kamar yadda aka tattara ta a kundin dokoki na 2004, ta bar kafar ɗaukar wanda bai kai 18 ba idan iyaye ko waliyyi sun ba da izini a rubuce. A shekarar 2025 aka kawo wani ƙuduri gaban Majalisar Dattawa na sake fasalin dokar, wanda ya ƙunshi toshe wannan kafa. Ashe ke nan muhawararmu ta ɗakin kwana ba hirar banza ba ce.

Darasi daga waɗanda suka bar ƙofar a buɗe

Masu goyon bayan izinin iyaye sukan kafa hujja da manyan ƙasashe. Gaskiya ne Amurka tana karɓar ɗan shekara 17 da rubutaccen izinin iyaye, haka ma Jamus. Ingila kuwa tun daga 16 take karɓa, tana horar da yaran a wata kwaleji da ke garin Harrogate. To, amma mu dubi yadda abin yake gudana. A sojan ƙasa na Ingila, yaro yana da damar neman fita kafin ya cika 18. Da zarar ya cika, sai ƙofa ta rufe, dole ya yi aiki har ya kai shekara 22. Wato ɗan shekara 16 yana iya ɗaurewa har shekara shida, alhali wanda ya shiga yana babba shekara huɗu ce a kansa. Sa hannun da uba ya yi wa yaro sai ya koma igiya a wuyan baligi. Bugu da ƙari, duk da alkawarin da aka yi na cewa ba za a kai su fagen daga ba, gwamnatin Ingila da bakinta ta amsa cewa tsakanin 2003 da 2005 an tura yara 15 da ba su cika 18 ba zuwa Iraƙi, ta ce kuskure ne. Idan ƙasar da ke da rajistar haihuwar kowa ta yi irin wannan kuskure, ina ga mu?

Tarihinmu ma yana da abin faɗa. A Yaƙin Duniya na Biyu, Isaac Fadoyebo, wani yaro daga ƙasar Owo, ya shiga sojan Ingila a 1942 yana ɗan shekara 16. A shekarar 1944 aka yi masa mummunan rauni a Bama, ya yi watanni a ɓoye a ƙauye kafin a cece shi, ya dawo gida da nakasa a ƙafa. A yaƙin basasarmu na 1967 zuwa 1970 ma yara sun ɗauki makami. Kusa-kusan nan kuma, a Borno, matasan da suka tashi kare garinsu daga Boko Haram, waɗanda ake kira 'yan kato da gora, sun sa yara cikin aikinsu, har sai da suka ƙulla yarjejeniya da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017 cewa za su daina. A watan Mayu na 2019 kaɗai an sallami yara 894 daga cikinsu a Maiduguri, 106 daga ciki mata ne. Babu mai musun cewa niyyar kare gari niyya ce mai kyau. Amma kyawun niyyar manya bai sa yaran nan sun daina zama yara ba.

Wane ne waliyyin?

Mu ƙaddara mun yarda cewa izinin iyaye ya wadatar. Nan take sai wata tambaya ta taso: su wa ke nan? Bature da ya tsara wannan doka yana tunanin gida mai uba ɗaya da uwa ɗaya da 'ya'ya biyu. Gidan Bahaushe ba haka yake ba. Yaro yakan tashi a hannun baffa, ko kawu, ko gwaggo, ko kaka. Wani ɗan riƙo ne, wani agola ne a gidan mijin uwarsa, wani kuma almajiri ne wanda rabonsa da iyayensa shekara biyar, malaminsa ne uwa da uba. Idan uba ya ce e, uwa ta ce a'a, wa za a bi? Kowa ya san amsar a aikace: uwar da ta ɗauki cikin wata tara, wadda kuma ita ce za ta yi jinya in an dawo da shi a kan gadon asibiti, sau da yawa sai an gama magana take ji. Idan kuwa maraya ne, to, wanda zai sa hannu shi ne mutumin da nauyin ci da shan yaron zai sauka daga kansa da zarar an ɗauke shi. Ban ce kowane marikin maraya mugu ne ba, Allah Ya kiyaye. Abin da nake cewa shi ne, ko a gaban alƙali ba a karɓar shaidar mutum a kan abin da yake da riba a ciki.

Sa'an nan ga talauci. A duba da kyau a ga 'ya'yan wa ake ƙara wa shekaru don su shiga kurtu. Mai hali ba ya gaggawar raba ɗansa da makaranta. Uban da ke da bakuna goma sha biyu a gida, damina ba ta yi kyau ba, aka ce masa ga albashi ga abinci ga tufafi, in ya dangwala hannu, shin shi ne ya yarda ko kuwa yunwa ce ta yarda? Ba na zarginsa, domin wanda bai shiga halinsa ba bai san zafinsa ba. Amma doka ba ta kyauta ba idan ta ɗora wa mutumin da ke cikin wannan ƙunci yanke hukunci a kan ran ɗansa, sa'an nan ta wanke hannunta ta ce ai da izininsa aka yi.

Abin da magabata suka bari

Wani zai ce duk wannan ra'ayin Turawa ne, a addininmu yaro in ya balaga ya zama namiji. Bari mu duba. Ya tabbata a ingantattun hadisai cewa Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, ya gabatar da kansa ranar Uhudu yana ɗan shekara 14, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mai da shi gida; sai a ranar Handaƙu, yana da 15, aka karɓe shi. Halifa Umar ɗan Abdul'aziz ya riƙi wannan a matsayin iyaka tsakanin yaro da babba a rajistar mayaƙa. Darasin farko a nan shi ne, shugaba ne ya tace, ya kuma mayar da yaro, a ranar da Musulmi suke da ƙarancin mayaƙa ƙwarai. Ɗokin yaron bai isa ba, kuma kasancewar ubansa Umar yana cikin rundunar bai sa an karɓe shi ba.

Game da adadin shekaru kuwa, malamai sun saɓa. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya, wadda muke bi a ƙasar nan, shi ne idan alamomin balaga ba su bayyana ba, sai an cika shekara 18 ake hukunta balaga. Har wa yau, Alƙur'ani mai girma, a farkon Suratun Nisa'i, bai bari a miƙa wa maraya dukiyarsa don ya balaga kawai ba, sai an jarraba shi an ga shiriya da hankali a tare da shi. Idan ana jiran cikar hankali kafin a danƙa wa yaro garken awakin ubansa, yaya za a danƙa masa bindiga kafin nan?

Akwai kuma hadisin mutumin da ya zo neman izinin fita yaƙi, aka tambaye shi ko iyayensa suna raye, da ya ce e, aka umurce shi ya koma ya yi musu hidima. Daga nan malamai suka fitar da cewa ba a fita yaƙin da bai zama dole a kan kowa ba sai da yardar iyaye. A lura da kyau: wannan haƙƙi ne na tsayar da ɗa, kuma uwa tana da shi kamar yadda uba yake da shi. Garkuwa ce aka ba iyaye. Masu neman mai da ita takardar miƙa yaro sun juya abin a baibai.

Hujjojin da ba za a raina ba

Adalci ne in kawo abin da abokan muhawarata suka faɗa mai nauyi. Na farko, sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma horon soja yana gyara yaro. Suka kawo misalin Makarantar Soja ta Zariya, wadda aka kafa a 1954 da sunan Kamfanin Yara, ta kuma yaye mutane irin su Tunde Idiagbon da Joseph Garba da David Mark. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Amma makaranta daban, rantsuwar aiki daban. Uba yana da cikakken ikon zaɓa wa ɗansa makaranta, ko ta allo, ko ta boko, ko ta soja, domin tarbiyya haƙƙinsa ce. Yaro ya koyi fareti da tsabta da biyayya da lissafi, duk alheri ne. Sharaɗin kawai shi ne ƙofar fita ta kasance a buɗe, kada a hukunta shi da dokar soja, kada a kai shi inda ake harbi, kuma ranar da ya cika 18 a tambaye shi, shi kaɗai, ko yana son ya ci gaba.

Na biyu, sun ce yaron da kansa yake so, me ya sa za a danne masa buri? Ai sha'awar kaki tsohuwar aba ce a zuciyar yaro. Wa bai taɓa bin sojoji da kallo ba? Sai dai yaro bai san wuta ba sai ya taka, kuma wannan wutar ba a taka ta sau biyu. Tsarin mulkinmu bai yarda ɗan shekara 17 ya jefa ƙuri'a ba. Yaya za a ce hankalinsa bai isa zaɓen kansila ba, amma ya isa ya zaɓi mutuwa bisa umurnin gwamnatin da ba shi da bakin zaɓenta? Burin da yake na gaskiya ba zai ruɓe cikin shekara biyu ba. Wanda kuwa ya gushe kafin nan, to, dama ɗoki ne, gara da ya gushe a gida.

Na uku, sun ce in an hana su, me za su ci? Ba gara soja da shaye-shaye ko shiga daji ba? Wannan ita ce hujja mafi zafi, kuma ba ni da amsa mai daɗi. Abin da zan ce shi ne, rashin makaranta da sana'a laifin manya ne, bai kamata a biya shi da jinin yara ba. Ƙasar da ba ta da abin da za ta ba ɗan shekara 16 sai bindiga, gyaranta yana wurin buɗe makarantun koyon sana'a. Daɗin daɗawa, idan hukuma ta halatta wa kanta ɗaukar yara, da wane baki za ta la'anci ɗan ta'adda da ɗan bindigar daji in sun yi haka?

Shawarwari

Na ɗaya, dokokinmu su zama baki ɗaya a kan shekara 18, ba tare da togaciyar izinin kowa ba. Na biyu, nauyin tabbatar da shekaru ya hau kan mai ɗauka. Tun 1992 doka ta wajabta rajistar haihuwa a ƙasar nan, kuma Hukumar Ƙidaya ce ke da alhakinta, amma har yanzu da yawa daga cikin 'ya'yan karkara ba su da takarda, shi ya sa takardar rantsuwa ta zama kasuwa. Inda aka yi shakka, a jinkirta, domin jinkirin shekara guda yana da magani. Na uku, duk babban da ya yi rantsuwar ƙarya a kan shekarun yaro, shi za a kama, a kyale yaron ya koma gida ba tare da tabo ba. Na huɗu, a wajen shigar da yaro makarantar soja a nemi yardar uwa da uba duka in suna raye, a kuma karanta musu takardar da harshen da suke ji. A nan ne mu ɗaliban Hausa muke da aiki. Kalmomi irin su izini, da yarda, da amincewa, da sallamawa ba ma'anarsu ɗaya ba, kuma tsoho ba zai san abin da ya dangwala wa hannu ba sai an sami masu fassara na ƙwarai.

Kammalawa

Malamaina da 'yan'uwana, ban rubuta wannan don in rage wa aikin soja daraja ba. Da yawa daga cikinmu muna barci ne saboda wasu sun hana idonsu barci, kuma Allah Ya saka musu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama. Girman aikin ne ma ya sa bai dace a shige shi da sa hannun aro ba. Ɗa amana ne a hannun iyayensa, kuma mai riƙon amana aikinsa tsarewa ne har ya mayar wa mai ita. Ranar da yaro ya cika shekara 18, sai a mayar masa da amanarsa. In ya ce soja yake so, sai ya durƙusa gaban mahaifansa ya nemi albarka, su sa masa, ya tafi da ƙafarsa ya sa hannu da sunansa. Kafin wannan rana, amsar uba da uwa da baffa da hukuma ɗaya ce: dakata tukuna, ɗana.

Wannan shi ne iyakar abin da na hango. Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure kuwa ina jiran gyara a fitowa ta gaba. Allah Ya raya mana zuriya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.